Darasi na Bakwai: Idan Kunnen Agogo Ya Ƙi Murɗuwa

Duk wanda ya bi ta Idumota ko Agege a Legas ya san teburin mai gyaran agogo: ɗan akwatin gilashi, siririyar sukuddireba, hantsaki, da madubin da ake maƙalawa a ido. Da yawa daga cikin agogunan da ake kawowa kan irin wannan tebur ba na asali ba ne. A fuska an rubuta Rolex ko Omega, a ciki kuwa inji ne ƙirar Sin, ko na Japan irin Miyota 8215 da Seiko NH35. Darasinmu na yau a kan marasa batir ne, wato masu sifirin a ciki, waɗanda ake wanawa da hannu ko motsin hannu ya wana su.

Kunne da sandarsa

Ɗan maɓallin nan na gefe da ake murzawa shi za mu kira kunne. A jikinsa akwai siririyar sanda da ta shige cikin inji. Ɓarna mai yawa da ake kawo wa mai gyara daga nan take farawa, kuma ƙarfin hannu ne ke jawo ta.

A agogo da yawa kunnen a ɗaure yake kamar murfin kwalba. Sai ka murza shi baya, har ka ji ya saki ya ɗan turo waje. A nan ne ake wana agogo. Ka ja shi sau ɗaya, ka gyara kwanan wata. Ka ƙara ja, ka gyara lokaci. Wanda bai san haka ba yakan sa farce ya fizge kunnen tun yana ɗaure, wani ma har da haƙori.

Wajen mayarwa ne ake yin babbar asara. Haƙoran murfin jabun agogo ba su da ƙwari, idan suka hau a karkace sau biyu ko uku sai su cinye. Ga dabara: danna kunnen a hankali, ka fara murza shi baya, har ka ji ɗan ƙas. Haƙora sun zauna ke nan. Sai ka murza gaba. In ka ji tauri tun a zagayen farko, dakata, kwance, sake. In sun riga sun cinye, babu gyara sai canjin kunnen da bututun da yake hawa.

Wata doka kuma: kada ka gyara kwanan wata idan agogon yana nuna tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 3 na asuba. A lokacin injin da kansa ya kama faifan kwanan wata yana shirin juya shi, in ka tura sai haƙori ya karye. In ba ka san ko dare agogon yake nunawa ko rana ba, kai shi ƙarfe 6 tukuna.

"Maigida, ya tsaya"

Wani yaron shago ya miƙa wa maigidansa agogo, ya ce, "Maigida, wannan ya mutu, in buɗe?"

Maigidan ya ce, "Ka wana shi?"

"A'a, ai mai wana kansa ne."

"To, mai shi kwana nawa bai ɗaura ba? Murza kunnen sau talatin ka kasa kunne."

Ya murza, agogo ya tashi. Irin waɗannan injina ba sa wuce kamar awa 40 a ajiye. Wanda ya cire agogonsa ranar Juma'a da yamma, ranar Litinin zai tarar da shi a tsaye, kuma lafiyarsa ƙalau.

In an wana bai tashi ba, sai a buɗe baya. Nemi ɗan wilin nan mai kai da komo, shi ne zuciyar agogo. A Miyota 8215 yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a daƙiƙa. A injin ETA 2824 na Suwizalan da kwafinsa sau 28,800 ne. Hura masa iska da famfon roba, ban da baki, don yawu na kawo tsatsa. In ya motsa ya sake tsayawa, datti ne ko mai ya bushe. In ya yi ƙememe yana rangaji a gefe, ƙafarsa, wato siririn tsinin da yake juyawa a kai, ta karye, galibi daga faɗuwa.

Agogon da ke gudun mintoci a rana kuwa, ka fara zargin maganaɗisu. Sifika da murfin waya mai maganaɗisu suna sa siririn sifirin ɗin wilin ya manne da juna. Kusanta agogon da kamfas ɗin neman alƙibla, in allurar ta juya, shi ne. Akwai 'yar na'urar da ke cire shi cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Ruwa da mai

Legas gari ne na laima da iskar teku. Kada ka yarda da rubutun da ke cewa ruwa ba ya shiga, a jabu rubutu ne kawai. Gaya wa mai agogo ya riƙa cirewa in zai yi alwala. In ka ga hazo a cikin gilashi, a buɗe a shanya a ranar. Man keken ɗinki da kananzir kuma ba na agogo ba ne.

In dole sai ka zare sanda, akwai ɗan maɓalli a bayan inji kusa da inda ta shiga. Taɓa shi kaɗan kawai. A kwafin ETA 2824 in ka danna da yawa, ƙananan ƙarafan ciki za su goce, sai an cire hannaye da fuskar agogo kafin a mayar da su. Aikin minti biyar ya zama na yini.

In mai agogo ya tambaye ka ko na asali ne, gaya masa abin da ka gani a ciki. Wani da tsada ya saya bai sani ba.

Aikin gida

Samo mataccen agogo mai kunnen ɗaurewa. Kwance ka ɗaure sau 10, kana sauraron ƙas ɗin nan. Sannan ka rubuta a littafinka da lambobi: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ne ba a taɓa kwanan wata?