Darasi na 7: Alhakin Iyaye a Dokar Ingila da Wales

Wani magidanci da ke ajinmu na yamma ya ba mu labarin abin da ya same shi, ya kuma yarda a yi darasi da shi. Ɗansa mai shekara shida ne za a yi wa ɗan ƙaramin aiki a asibiti. An kawo takardar amincewa, ya zaro alƙalami zai sa hannu, sai ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko doka ta ba shi alhakin yaron. Ya ce mata, "Ai ni na haife shi." Ta ce ba ta musa ba, amma sunansa yana cikin takardar haihuwa? Babu. Haka ya zauna a kan benci yana kiran uwar yaron a waya ta zo ta sa hannu.

Shi ke ciyar da yaron, shi ke kai shi makaranta. Abin da ya kuskure masa rana ɗaya ce kawai: ranar da aka je yi wa jariri rajista yana barci bayan aikin dare, mai jego ta tafi ita kaɗai.

Me ake nufi da alhakin iyaye?

Dokar yara ta shekarar 1989 ce ta kafa wannan magana. Ma'anarta ita ce duk wani haƙƙi da nauyi da iko da doka ta ba mahaifi ko mahaifiya a kan yaro da dukiyarsa. Mai wannan alhaki shi ke samar wa yaro wurin zama, ya kare shi, ya zaɓa masa makaranta, ya amince a yi masa magani, ya raɗa masa suna ko ya yarda a canza shi, ya sa hannu a neman fasfonsa. Alhakin yana nan har yaro ya cika shekara 18.

Kada a haɗa shi da ciyarwa. Uba ko yana da alhakin ko ba shi da shi, kuɗin kula da ɗansa na wuyansa.

Wa ke da shi?

Uwa tana samunsa tun ranar da ta haihu, ba sai ta cika wata takarda ba. Uba kuwa sai an duba. Idan akwai aure tsakaninsa da uwar lokacin haihuwa, ko sun yi aure daga baya, yana da shi. Idan babu aure, to sai in shi da uwar sun yi rajistar haihuwar tare, sunansa ya shiga takarda. Wannan ƙa'ida ta fara aiki ne ranar 1 ga Disamba, 2003.

A nan ne nake so ku buɗe kunne da kyau, domin nan ne ɗalibinmu ya faɗi. Auren da doka ke nufi shi ne wanda hukuma ta san da shi. Shi an ɗaura masa aure ne a falon wani gida a nan Ingila, da waliyyi da shaidu da sadaki, komai ya cika a addini. Amma ba su je ofishin rajista ba, wurin kuma ba shi da izinin ɗaura auren hukuma. A shekarar 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa irin wannan ɗaurin aure bai zama aure a idon dokar ƙasar ba. Don haka a wurin hukuma shi uba ne marar aure, ko da shekara ashirin suka yi a ɗaki ɗaya. Auren da aka ɗaura a wata ƙasa bisa dokar can, galibi ana karɓarsa. Abin yana yi mini ciwo in ga mutumin kirki ya gano wannan a bakin ɗakin tiyata.

Ranar rajista

Kwana 42 ake bayarwa a yi wa jariri rajista a Ingila da Wales. A Scotland kwana 21 ne, kuma dokarsu daban take. Ma'auratan da hukuma ta san aurensu, ɗaya daga cikinsu ma ya isa ya je ya rubuta sunayen duka biyun. Waɗanda ba haka ba, su je tare su sa hannu. Idan uba ba zai samu zuwa ba, akwai takardar rantsuwa da zai cika ya tabbatar shi ne mahaifi, uwa ta tafi da ita. Ku karanta kowane harafi kafin ku sa hannu, gyara daga baya wahala ne.

In an riga an wuce wurin fa?

Ƙofa ba ta rufe ba. Idan uwa ta yarda, ana sake rajistar haihuwar a saka sunan uba, da fom mai lamba GRO 185. Ko kuma su yi yarjejeniya a rubuce da fom C(PRA1). Su cika shi, amma kada su sa hannu a gida. Su kai shi kotun iyali da ke kusa, tare da takardar haihuwar yaron da shaidar ko su wane ne, kamar fasfo ko lasisin tuƙi. A gaban jami'in kotu za su sa hannu, sannan a aika babbar kotun iyali da ke Landan a shigar da shi. Mijin uwa ko matar uba su ma suna iya samun alhakin ta fom C(PRA2), in duk iyayen da ke da shi sun amince. Samun nasu ba ya rage wa kowa nasa.

Idan uwa ta ƙi, uba yana iya neman umarnin kotu da fom C1. Yawanci sai an fara zama da mai sulhu tukuna. Alƙali zai duba shaƙuwar uba da yaron, da yadda yake tsaye a kan lamarinsa, da dalilin da ya kawo shi. Maslahar yaro ita ce a gaba da komai.

Bayan rabuwa

Saki ba ya goge alhakin kowa. Wanda yaro ke hannunsa yana tafiyar da al'amuran yau da kullum, amma manyan abubuwa kamar canza suna ko komawa wata ƙasa sai an ji ta bakin ɗayan. Ko hutu za a kai yaro waje, ana bukatar yardar duk mai alhakinsa, kuma gara a karɓe ta a rubuce. Fita da shi ba izini laifi ne da ake kira satar yaro, ko da uwarsa ce ko ubansa. Sai dai wanda ke da umarnin kotu cewa yaro a wurinsa yake zaune, shi yana iya fita da shi har kwana 28. Cire wa mutum alhakin kuwa aikin kotu ne kaɗai, kuma ba kasafai take yi ba.

Aikin gida

Yau da dare ku ɗauko takardar haihuwar kowane yaro, doguwar mai ɗauke da sunayen iyaye, ba gajerar ba. Ku nemo gurbin uba, ku karanta abin da ke ciki da ƙarfi. Ku kwafi ranar da aka yi rajistar a littafinku. Wanda ya tarar da gurbin babu komai, ya zo da takardar aji mako mai zuwa mu karanta fom ɗin tare, layi bayan layi.