Yadda ake haɗa akwatunan shuka kayan miya a tsakar gida

Mutum biyar na sani da suka fara shuka a akwati bayan sun ga nawa, uku daga ciki sun watsar kafin wata biyu. Da na je dubawa, duk katakonsu lafiya lau, kafinta ya yi aikinsa. Abin da suka zuba a ciki ne ya kashe su, kamar yadda ya kashe ni a shekarar farko. Saboda haka zan bi ta kan aikin katako da sauri, in tsaya a kan ƙasa, don nan ne ake faɗuwa.

Abin da nake nufi da akwatin shuka shi ne bango huɗu na katako ko bulo, marar gindi, a ajiye shi a tsakar gida a cika da ƙasa. Sirrinsa duk a yi su girma ɗaya. In sun zo ɗaya, kana iya jera su, ka ɗora wani kan wani idan kana son zurfi, murfin raga guda ya shiga kowanne, ranar da mai gida ya ba ka notis kuma ka kwance abinka ka loda a kura. Wanda ke gidan haya ya san darajar wannan.

Wuri

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka ɗauki yini guda kana lura da inda rana ke sauka a gidanka. Tumatir da attaruhu suna son rana ta awa shida ko fiye. Ranar safe zuwa azahar ita ce mai kyau. Gindin katangar da ranar la'asar ke duka kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano, tanda ne, ba wurin shuka ba. Kada kuma ka ajiye akwati daidai inda indararo ke zubo ruwa. Ruwan sama ɗaya na watan Agusta zai haƙa maka rami a tsakiya ya kwashe irin.

Sai nisa da famfo ko randa. Wannan ba a ɗauke shi komai ba sai an fara jigilar bokiti safe da yamma.

Awo da haɗawa

Ƙafa huɗu tsawo, ƙafa huɗu faɗi, wato mita 1.2 kowane gefe. Kada ka wuce haka a faɗi. Dalili shi ne hannunka ya kai tsakiya daga kowane ɓangare ba tare da ka taka ƙasar ba, domin ƙasar akwati ba a takawa, ko yaro. Idan akwatin zai jingina da katanga, rage faɗin zuwa ƙafa biyu.

Akwai wani dalili na aljihu. Falanki a 'yan katako yawanci ƙafa 12 ne, yana yankuwa gida uku cif ba ragowa. Falanki huɗu mai faɗin inci 12 zai ba ka akwati uku. Ka sayi tu-bai-tu, wato sandar katako mai kaurin inci biyu kowane gefe, na kusurwa. Ga dabarar da ke sa su hau juna: a yanka sandar kusurwa daidai da tsayin falankin, amma wajen bugawa a ɗaga ta sama da inci biyu. Sai ta leƙo sama da inci biyu, ta bar gurbin inci biyu a ƙasa. Idan ka ɗora akwati na biyu, kan sandar na ƙasa ya shige gurbin na sama, ya zauna daram. Ka tsaya a kan kafinta lokacin da yake wannan, don in ka juya baya zai daidaita maka su yadda ya saba, ya ce gyara ya yi. Ni noti nake sawa maimakon ƙusa saboda kwancewa. Ya fi tsada kaɗan, amma ƙusa in ta yi tsatsa sai ta fasa katakon kafin ta fita.

Kafinta zai ce a shafa baƙin mai saboda gara. Kada ka yarda. Baƙin man mota dauɗar inji ce, kuma abin da ka shuka a nan cikinka zai shiga. Abin da nake yi, in babbake fuskar katakon sama-sama a wuta har ta yi baƙi, in lulluɓe bangon ciki da leda mai kauri, bango kawai ban da ƙasa, sannan in ɗora gefunan a kan fasassun bulo don kada katako ya taɓa ƙasa. Duk da haka gara za ta zo wata rana. Jinkirta ta kawai kake yi.

In gidanka gidan gara ne sosai, manta da katako ka koma bulo. Bulo mai inci shida guda 12, uku a kowane gefe, kowane layi ya tokari cikin na gaba da shi, zai ba ka fili ƙafa huɗu a ciki. Ba siminti, jerawa kawai. Hawa biyu bulo 24 ke nan, zurfin inci 18. Ka cika ramukan bulon da ƙasa su yi nauyi, har na'a-na'a nake dasawa a cikinsu, don ita in ka sake ta cikin akwati sai ta mamaye ko'ina. Tsohon kwanon rufi ma ana yi da shi, amma ban so. Yana ɗaukar zafi ya dafa jijiyar da ke gefe, bakinsa kuma na yanka yara.

Hawa ɗaya ya ishi alayyahu, latas, albasa mai lawashi da lalo. Tumatir, attaruhu, kuɓewa da karas a ba su hawa biyu, musamman idan a kan daɓen siminti ne.

Gindin akwati

A bidiyoyin Turawa za ka ga suna shimfiɗa kwali a ƙasa, su jibga itace da rassa, sannan su zuba ƙasa a kai. A can yana yi musu aiki. A nan walima ka shirya wa gara, har da katin gayyata. Idan a kan ƙasa za ka ajiye, ka sassare wurin da fartanya, ka tsince jijiyar ƙiri-ƙiri da aya-aya, shi ke nan. Idan a kan daɓe ne, shimfiɗa tsohon buhun shinkafa, wanda ruwa ke bi ta saƙarsa, ka bar 'yar kafa ta ɓangaren da daɓen ya gangara zuwa rariya.

Ƙasa

A shekarata ta farko na biya wani mai tifa ya kawo min abin da ya kira ƙasar lambu. Baƙa wuluk, da danshinta, na ce na dace. Na cika akwati uku, na je wata gonar kaji na ɗebo kashi buhu biyu sabo fil, na juye a kai na cakuɗa, washegari na dasa tumatir. Kwana uku bakin ganyen ya ƙone kamar an gifta masa ashana. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ruwan ya kwanta a sama ya ƙi shiga, da rana ta buga sai ƙasar ta daskare ta tsattsage, in ka ƙwanƙwasa da yatsa har ƙara take. Da na tumɓuke ɗaya na ga jijiyar ta yi ruwan ƙasa tana wari. Laka ce ya kawo min daga bakin fadama, irin wadda ta fi dacewa da maginin tukunya. Kuskure biyu na haɗa a akwati ɗaya: ƙasa mai toshewa, da ɗanyen taki.

Ƙasar akwati ba kamar ta gona ba ce. A gona jijiya tana da inda za ta gudu. A akwati abin da ka zuba shi ne duniyarta. Haɗin da na tsaya a kai, kuma ban ga dalilin canzawa ba: kashi biyu ƙasar sama ta gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa. Da baro nake awo. Akwatin katako mai hawa ɗaya yana cin kimanin lita 430, wajen baro bakwai, ko bokitin fenti mai lita 20 sau 22. Mutane suna raina wannan lissafi, su sayi buhu uku su zuba, su ga ko rabi bai kai ba.

Kafin ka biya kuɗin ƙasa, ka gwada ta. Ɗebi cikin hannu, yayyafa ruwa kaɗan, ka dunƙule. In ta ƙi dunƙuluwa tana zubewa ta tsakanin yatsu, jigawa ce zalla, tana bukatar ƙarin taki. In ta dunƙule tana sheƙi, ka murza ta ta yi tsawo kamar taliya ba ta karye ba, laka ce, ka bar wa mai sayarwa kayarsa. Wadda kake nema ita ce mai dunƙuluwa amma da ka danna da babban yatsa ta warware. Jar ƙasar ciko ta magina ba ta cikin lissafi ma. Ƙasar bola kuwa, na san manoma na kwasarta kuma tana da ƙarfi, amma na taɓa tankaɗe baro ɗaya na fitar da batir huɗu, reza da fasasshen kwalba. Ba zan shuka latas da za a ci ɗanye a cikinta ba.

Taki shi ne wurin haƙuri. Kashin awaki da tumaki ya fi sauƙin sha'ani, na shanu yana zuwa da irin ciyawa, na kaji ya fi kowanne ƙarfi kuma ya fi kowanne ƙuna. Ko wanne ka samu, tara shi a inuwa, jiƙa shi, rufe da buhu, kana juyawa duk mako kana ƙara ruwa in ya bushe. Ba shi mako shida zuwa takwas, na kaji ya fi haka. Busasshen taki ba ruɓaɓɓe ba ne, wannan ne yake ruɗar mutane. Kashin da ya shekara a rana yana nan da ƙarfinsa, ranar da ruwa ya taɓa shi ranar zai fara zafi. Alamar ya nuna: ka cusa hannu tsakiyar tarin ka ji ba ɗumi, warin da ke hawa hanci ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, ba ka kuma iya gane ƙwayar kashin. In kana shakka, cika gwangwanin madara da haɗin, jefa ƙwayar wake biyar. Suka fito kore shar cikin mako, bismillah. Suka fito a murɗe ko suka ƙi fitowa, ƙara jira.

Ɓuntu shi ke buɗe ƙasa iska da ruwa su ratsa. Duk inda ake casar shinkafa yana nan tsibi-tsibi, a garuruwa irin Kura kusan kuɗin ɗauko shi ne kawai. Wanda ya daɗe a tare ya yi duhu ya fi sabo. In sabo ka samu, turara shi a wuta ya yi baƙi kamar gawayi, ka kashe da ruwa kafin ya zama toka. In babu ɓuntu, yashi mai gautsi na rafi ya tsaya a madadinsa, sai dai nauyi. Toka kuwa gwangwani ɗaya ya ishi akwati. Na ga wadda ta juye tokar murhun mako guda a kan alayyahu don an ce mata taki ce.

A ƙasa za ka cakuɗa da shebur, ba cikin akwati ba, har launin ya zama ɗaya. Zuba, ka bar yatsa uku daga baki. Ba shi ruwa ya sha sosai har ka ga yana fita ta gindi. Daga nan ka bar shi mako guda kana jiƙawa. Zai zauna ya ragu, ciyawar da ke ɓoye za ta fito ka cire, ka ƙara ciko. Wannan makon shi ne kowa ke tsallakewa saboda ɗoki.

Shuka da ban ruwa

Fara da alayyahu, don cikin mako huɗu za ka sa a tukunya, hakan kuma na ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. Haɗa irin da yashi kafin ka yafa don kada ya taru wuri ɗaya. Latas, karas da kabeji na sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuɓewa, rama da yakuwa su ne na zafi da damina. Tumatir gindi huɗu kawai a akwati, na san za ka ga fili ya yi yawa, bar shi haka. Dashe da yamma ake yi. Karas ba a dasa shi, inda ka shuka nan zai zauna. Kada ka maimaita tumatir, attaruhu, tattasai da gauta a akwati ɗaya a jere, dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Ka juya su zuwa akwati na gaba, ka sa ganye ko wake a gurbinsu.

Masu lambu a fadama fangalinsu a ƙasa yake don ya riƙe ruwa. Naka a sama yake, iska na dukansa ta ko'ina, don haka ya fi saurin bushewa. A bazara kowane akwati zai sha kusan bokiti ɗaya a yini, rabi da sassafe rabi bayan la'asar. Tsoma yatsa kafin ka zuba, in da danshi a gaɓa ta biyu ka ƙyale. Rufe saman ƙasar da ɓuntu ko busasshen ganyen darbejiya. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, na omo ne ban yarda ba.

Ƙadangare da kaji za su riga ka girbi in ba ka rufe ba. Firam ɗaya na tu-bai-tu mai ƙafa huɗu, a ɗaura masa tsohon gidan sauro, a riƙa matsar da shi kan akwatin da ke da ƙananan tsiro. Duk bayan girbi ƙara taki bokiti biyu ka juya sama-sama, ka kuma leƙa bayan ledar nan ka ga ko gara ta fara gini.