Kurakuran da ake yi tsakanin awo da allurar wata 15

Tsarin Jihar Kaduna shi ne kowace mazaɓa cikin 255 ta samu asibitin sha-ka-tafi inda ake awo, a karɓi haihuwa, a yi rigakafi. Ginin yana nan, amma akasarin kurakuranmu a kan lokacin zuwa suke.

Mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata 6 ko 7, masu cikin fari don kunya, manya kuma wai sun saba. Kamata ya yi a yanki kati cikin wata ukun farko, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awo sau 8. A nan ake gano hawan jinin da ke kawo jijjiga, a ba da maganin ƙarin jini, daga wata na huɗu a fara Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, gani dishi-dishi ko ɗigon jini ba laulayi ba ne. Kada a jira ranar awo, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Maigida, ka ba da izinin fita tun yanzu, ka ajiye kuɗin mota da lambar mai Keke Napep da zai ɗauka da tsakar dare.

Bayan haihuwa sai gwaggo ta ce a matse dakashi a zubar, a ɗura wa jariri ruwan dabino. Dakashin nan shi ne kariyarsa ta farko. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, ko da zafin Afrilu ne. Cibi kuma, a daina gasa ta da tsumma da shafa man goge haƙori, man cibi na asibiti ya wadatar. Sai kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka alaƙanta yawan shansa da wankan ruwa mai ƙuna da ciwon zuciyar masu jego a Zariya. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, asibiti za a kai ta, ba ƙara wuta ba.

Inda aka fi yin asara, a ganina, wajen allura ne. Ana yi da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Sati 6 kuwa kusan daidai yake da arba'in, uwa tana wankan gida a Kachia ko Giwa, kati yana ƙasan akwati a Rigasa. Ki tafi da katinki, 'yar'uwa, kowane asibitin gwamnati zai karɓa, kyauta. In kin tsallake wata allura, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ba ya maye gurbin allurar cinya. Zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura kuma ba dalilin dainawa ba ne.

Gudawar yaro ma ana cewa haƙori ne, a saya masa kafso a kemis. Ruwan gishiri da sukari na leda za a haɗa da ruwa lita 1, a ba shi zinki kwana 10 ko da ta tsaya, a ci gaba da nono. In idonsa ya faɗa ko ya ƙi tsotso, a ɗauke shi a tafi.