Kurakuran da ke sa mahudi ya maƙale a injin huda ƙarfe

A garuruwan Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan Tiga ya bunƙasa noman rani har masu casar shinkafa da masu niƙa suka yawaita, aikin huda farantin ƙarfe ya zama sana'ar da ake ci da ita, domin kowane injin niƙa yana buƙatar rariya, ita kuwa rariya cinyewa take yi. Ga kuma masu ƙera murhun gawayi da ƙofofi da akwatuna, waɗanda su ma ba sa rabuwa da huji. Yawancin injinanmu tsofaffi ne da aka sayo bayan sun gama aiki a wasu masana'antu, ba tare da takardar bayani ba, shi ya sa kowane sabon shiga yake koyo ta hanyar ɓarna. Kukan da na fi ji guda ɗaya ne: mahudi, wato ƙarfen sama da ke huda farantin, ya sauka ya huda, sannan ya ƙi fitowa, ko ya ɗago da farantin gaba ɗaya. Na gaji da ganin ana ɗora wa injin laifi alhali kuskuren na hannun mai aiki ne, kuma kusan kullum kuskure iri ɗaya ake maimaitawa.

Idan mahudi ya shiga faranti, ba ya yanke kaurinsa duka. Yana yanka kimanin kashi ɗaya cikin uku, sai ragowar ta tsage ta faɗa cikin mazauni, wato ƙarfen ƙasa mai rami wanda mahudin ke shiga. Da zarar an huda, bakin ramin yana ɗan tsukewa ya damƙe jikin mahudin. Huda rami mai faɗin milimita 10 a baƙin faranti mai kaurin milimita 2 yana cin ƙarfin da ya kai wajen tan 2, kuma zare mahudin daga ramin yana iya cin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na wannan ƙarfin. Saboda haka ake da madanni, wanda ke danne farantin a ƙasa yayin da mahudi ke komawa sama. Duk abin da ya ƙara wa damƙar nan ƙarfi, ko ya rage wa madanni ƙarfi, shi ne ke jawo maƙalewa.

Babban kuskuren, wanda ya fi kowanne cin dukiya, shi ne aiki da mazauni ɗaya ga kowane irin kauri. Dole ne ramin mazauni ya fi mahudi faɗi kaɗan, kuma kaurin faranti ne ke yanke yawan wannan tazara. A baƙin faranti na yau da kullum, tazarar tana kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kaurinsa, idan an haɗa ɓangarorin biyu. Ke nan mahudi mai milimita 10 a kan faranti mai milimita 2 yana son mazauni mai milimita 10.3 zuwa 10.4, amma idan farantin ya kai milimita 4, sai a nemi mazauni mai 10.6 zuwa 10.8. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana son tazarar da ta ɗan fi haka. Masu koyo da yawa sun ɗauka cewa idan mahudi ya shiga mazauni cif-cif ba ya motsi, aikin ya yi kyau. Wannan fahimta ce ke karya kayan aiki, domin idan tazara ta yi kaɗan, tsagewar da ta taso daga sama ba ta haɗuwa da wadda ta taso daga ƙasa, sai ƙarfen ya yanku sau biyu, zafi ya ƙaru, ramin kuma ya matse mahudin fiye da kima.

Ba a buƙatar wani babban ma'auni kafin a gane haka. A ɗauki ɗan guntun da ya faɗo daga ramin a duba gefensa. Idan tazara ta yi daidai, za a ga zobe mai sheƙi wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin ba, sauran kuma ya zama garje. Idan sheƙin ya mamaye fiye da rabi, ko ya fito hawa biyu, mazaunin ya matse. Idan kuma bakin ramin ya lotsa, ƙasansa ya yi kaifi mai tsawo, tazarar ta yi yawa. Al'adata ita ce in rubuta kaurin farantin da ya dace da kowane mazauni a jikinsa da fenti, in rataye su a jere a kan katako, kuma ba wanda ke kunna inji sai ya auna farantin da ke gabansa, ko da daga dila ɗaya aka sayo shi a Ƙofar Ruwa, tun da kauri yana bambanta daga wannan kaya zuwa wancan.

Wannan dokar ta samo asali ne daga wata asara da aka jawo mini a lokacin kaka, sa'ad da aikin rariya ya yi mana yawa. Wani mai injin niƙa ya kawo farantinsa da kansa, wanda ya ninka namu kauri, sai yaron da ke kan inji ya ɗora shi bisa mazaunin da ya tarar. Ramukan farko sun fita da wata ƙara mai nauyi wadda ta isa ta tsayar da mai lura, amma ya ci gaba har mahudin ya kafe. Da na shigo, sai na same shi da guduma a hannu, ya ce, "Maigida, injin ne ya riƙe, amma na kusa cire shi." Ya riga ya doki mahudin ta gefe, kan mahudin ya ɓalle, mazaunin ya tsage, wani ɓarɓashi kuma ya yanki yaron a kumatu dab da ido. Sai da na shiga Kano aka sassaƙa mini wasu aka ba su tauri, kafin nan mai kayan ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri, ya kuma tafi da abokan sana'arsa.

Don haka nake faɗa da babbar murya cewa duk wanda ya ɗauki guduma ya nufi mahudin da ya maƙale bai cancanci a bar masa inji ba. Mahudi ƙarfe ne mai tauri wanda aka yi domin ya jure dannawa daga sama, kuma taurin nan ne ke sa ya fashe idan aka doke shi ta gefe. Masu kunna masa wutar walda domin ramin ya buɗe su ma ɓarna suke yi, domin wutar tana kashe taurinsa, ya fito lafiya a ido amma bakinsa ya mutu. Abin da nake yi shi ne in kashe wuta, in jira babban wilin injin ya tsaya cak, domin yana ci gaba da juyawa bayan an kashe, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya datse yatsu. Daga nan sai in ɗiga kananzir a bakin ramin, in gwada juya wilin da hannu a hankali. Idan ya ƙi, sai in kwance mahudin daga mariƙinsa, in sauke shi tare da farantin, in tura shi ta ƙasa a kan teburi da sandar tagulla, wadda ta fi shi laushi. Aikin yana cin lokaci, amma kayan suna fita da ransu.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake wasa mahudi. Yaro zai ga bakinsa ya dakushe, sai ya riƙe shi da hannu ya manna wa giranda har ya yi shuɗi. Wannan shuɗin alama ce cewa zafin ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma mahudin da aka ƙera a gida daga ƙarfen sifirin ko makamancinsa ya riga ya yi laushi a wannan zafin. Mafi muni, wasu har gefensa suke ci da dutse domin wai ya riƙa shiga da sauƙi. Sakamakon haka, bakin ya sirance, saman ya fi shi kauri, sai ya huda ƙaramin rami ya cusa jikinsa mai kauri a ciki kamar turmi da taɓarya, ba kuwa sifirin madanni da zai iya zare shi. Fuskar mahudi kawai ake wasawa, a shimfiɗe, kaɗan-kaɗan, ana sanyaya shi da ruwa tsakanin kowace gogawa. Gara a riƙa wasa shi da wuri ana cire abin da bai kai kaurin takarda ba, da a jira ya mutu a cire milimita guda. Wanda ya kai nasa aka wasa a injin da ke riƙe ƙarfe da maganaɗisu, ya tabbata an cire masa maganaɗisun kafin ya karɓa, in ba haka ba guntaye za su riƙa liƙe wa bakinsa suna dawowa cikin ramin. Bayan wasawa mahudin ya gajarce, saboda haka a sake daidaita zurfinsa yadda zai leƙa cikin mazauni da milimita 1 zuwa 2 kawai, domin zurfin da ya wuce haka gogayya ce ta banza.

Akwai kuma dattin ƙarfe da ke liƙewa a jikin mahudi, wanda mutane ba sa kula da shi. Farin faranti mai rufin tutiya da alminiyon da ƙarfen da ba ya tsatsa su ne suka fi yin haka. Zafi da matsi suna sa ɓarɓashinsu ya manne wa gefen mahudin, ya yi masa kaushi, ya ƙara masa kauri. A shafa farce a jikinsa, idan ya tsaya a wani wuri to dattin ya fara taruwa. Ina goge shi da lallausan dutsen wasa da ɗan mai, daga sama zuwa ƙasa, ta hanyar da mahudin ke bi. Idan aka goga a zagaye, ana barin zane a kwance, wanda zai zama wurin da sabon datti zai kama.

Game da mai, na san da yawa za su saɓa mini, amma ba na yarda a shafa baƙin man da aka juye daga inji ko babur. Arha gare shi, sai dai cike yake da garin ƙarfe, kuma idan ƙurar hunturu ta sauka a kansa sai ya koma abin da ke cin mahudi da mariƙinsa. Sabon mai marar kauri nake shafawa da ɗan buroshi a jikin mahudi da kan layin da za a huda. Da yamma kuma a wanke kayan da kananzir a rufe injin da buhu.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Sifirin madanni yana gajiya, kuma idan guda ya karye sai a sauya su duka tare, domin sabo da tsoho ba sa dannawa daidai. A riƙa leƙa ƙarƙashin mazauni a tabbata guntaye suna zuba, saboda idan suka cushe, mahudi zai sauka a kansu ya kafe ko ya fasa mazaunin. Kada a huda ramin da faɗinsa bai kai kaurin farantin ba, a kai shi wurin direla. Farantin da ya kwana a ƙasa ya kwashi tsatsa da yashi, a goge shi kafin a ɗora. Huda rabin rami a bakin faranti yana tura mahudi gefe ya goga da mazauni. Idan ana jera ramuka da yawa kamar na rariya, a riƙa taɓa mahudin bayan an kashe injin, in ya yi zafin da hannu ba zai jure ba sai a sarara masa. Duk lokacin da aka sauya mahudi ko mazauni, a sauke shi da hannu a kan takarda kafin a kunna wuta. Idan takardar ta yanke ta gefe ɗaya ta bar ɗayan, saitin ya karkace, sai a sassauta kusoshin mazaunin a gyara zamansa, a ɗaure, a sake gwadawa da sabuwar takarda.