Yadda za ka tsara zamanka idan karatu ya kai ka Sifaniya

Tun da na dawo Jos daga Granada, birnin da ke kudancin Sifaniya, inda na yi shekara biyu ina digiri na biyu, duk matashin da ya tare ni bayan sallar Juma'a biza yake tambaya. Ofishin jakadancin Sifaniya da ke Abuja zai gaya maka abin da yake buƙata. Ni dai, ƙanena, zaman da za ka yi bayan saukarka nake so mu yi magana a kai.

Fara da takardu. Idan zamanka zai wuce wata shida, wata ɗaya doka ta ba ka ka nemi katin zaman baƙi, wanda suke kira TIE, a ofishin 'yan sanda. Kafin nan sai ka je ƙaramar hukuma ka yi rajistar gidan da kake zaune, wato empadronamiento, can kuma za a nemi takardar haya. Ka ga ke nan ɗaki ne farko. Ɗalibai kan haɗu uku ko huɗu su kama gida, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, mai gida ya karɓi kuɗin ajiya na wata guda. Kada ka tura kuɗi daga Najeriya a kan ɗakin da hotonsa kawai ka gani. Kuma ka tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki. Mu 'yan Jos mun san sanyi, amma Granada a gindin duwatsun Sierra Nevada take, a Janairu ruwa kan daskare da asuba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lokaci. Da hunturu agogonsu ɗaya da namu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gabanmu da awa guda. Amma rana ba ta bin agogon yadda ka saba. A Yuni sai tara da rabi na dare ta gota ake Magariba, Isha'i ta wuce sha ɗaya, a Disamba kuwa alfijir sai wajen bakwai. Abincin rana ƙarfe biyu ko uku ne, na dare tara ko goma. Ƙananan shaguna kan rufe da rana su sake buɗewa wajen biyar, ranar Lahadi ma manyan kantuna a kulle suke, saboda haka ka yi cefanenka tun Asabar. Shawarata, makon farko ka karɓi jadawalin sallah a masallaci, ka ajiye shi gefen na darussa, ka ga inda suka ci karo. Idan kana da aji lokacin Juma'a, ka sami malamin tun farkon zango ka yi masa bayani. Ni nawa ya fahimta.

Masallacin da nake zuwa yana kan tudun unguwar Albaicín, an buɗe shi a 2003, fiye da shekara 500 bayan da birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1492. Daga farfajiyarsa kana kallon fadar Alhambra. Ranar da na fara tsayawa a wurin na daɗe ban ce komai ba, domin Andalus ɗin da muke ji a bakin malamanmu ce a gabana.

Batun abinci, ka haddace kalmomi huɗu kafin ka shiga kanti: cerdo, jamón, chorizo da manteca. Na farko alade ne, biyu na tsakiya namansa, na ƙarshe kitsensa, wanda kan ɓuya har a cikin biskit da kayan fulawa. Karanta bayan leda kullum. Naman halal yana wajen mahautan Maroko, ni a kusa da titin Elvira nake saye. Ka taho da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, amma ka bar kilishi a gida, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara. Abin da ya riƙe ni kwanaki da yawa shi ne tortilla, wainar ƙwai da dankalin turawa. Ɗan Jos ba zai yi baƙunta da ita ba.

Sifaniyancin da ka koya a waya zai kai ka bakin ƙofa ne kawai. Mutanen kudu suna haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, ga sauri. Ka yi ta magana da mai burodi da direban bas, ko da kana kuskure. Za ka ji daɗi idan ka fara tsinto Larabci a ciki: aceite mai ne, azúcar sukari, ojalá kuwa fata ce mai kama da in sha Allahu. A jarrabawa maki daga 0 zuwa 10 ne, da 5 ake tsallakewa.

Sai gaisuwa. Mace da namiji kan gaisa da sumba biyu a kumatu, ko da ranar suka fara haɗuwa. Kada ka ja da baya fuska a murtuke, za su ɗauka ƙyama ce. Ka riga su: ɗora hannu a ƙirji, ka yi murmushi, ka ce a wajenmu haka ake girmama mutum. 'Yan ajinmu kafin zango ya ƙare su da kansu suke ɗora hannu a ƙirji idan na shigo.