Kafin ka goya injin feshi, ka san takarda, ka san kwalba

Damina 11 ke nan ina goya injin feshi ina bin gonakin mutane, a nan jihar Gombe, daga wajen Kumo har fadamun Dadin Kowa idan rani ya yi. Bana wasu samari uku na unguwarmu suka same ni wai su ma za su shiga sana'ar, tambayarsu ta farko kuwa ita ce nawa ake biya kan kowane tanki. Na ce su zauna tukuna, maganar kuɗi tana can baya. Abin da na faɗa musu a kan tabarma shi ne zan maimaita a nan.

Fara da sanin wane irin feshi za ka yi, don doka ta raba su. Idan feshin gidaje, ofisoshi, otal da sito kake so, na kyankyasai da kuɗin cizo da gara, to wannan aikin kamfani ne. Sai ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka nemi lasisi daga EHCON, hukumar da ke kula da jami'an lafiyar muhalli, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari. Feshin gona kuwa, tsakani da Allah, tun da na fara ba a taɓa tsayar da ni a bakin kunya an ce in nuna takarda ba. Idon hukuma ya fi zama a kan kwalba da shagon da ke sayar da ita. Duk da haka ka je ofishin malaman gona na GSADP, wato hukumar bunƙasa noma ta jihar Gombe, da ke yankinku ka tambayi lokacin horar da masu feshi. Ni kwana uku na yi a irin wannan horon, aka ba ni shaida, kuma ita ce take sa masu manyan gonaki su kira ni su bar wani.

Sai sayen magani. Duk maganin ƙwari ko na ciyawa da za a sayar a ƙasar nan dole ya kasance NAFDAC ta yi masa rajista, lambar kuma tana jikin takardar kwalbar. Ka juya kwalbar ka neme ta da idonka, ka duba ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, ka duba hatimin murfi ko an taɓa ɓalle shi. Ka karɓi rasit. Maganin da aka ɗura a gorar lemo ana sayarwa ranar kasuwa, ko da kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don ba ka san me ke ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Araha ba ta ado.

Kada sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ya ɗauke maka hankali. Ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa shi ne sunan gubar da ke ciki, kuma shi doka take kallo. NAFDAC ta sanar da haramta paraquat, mai ƙone ciyawa nan take, daga 1 ga Janairu 2024, chlorpyrifos daga 1 ga Nuwamba 2024, atrazine kuma daga 1 ga Janairu 2025. Gammalin da DDT da endosulfan an daɗe da hana su. Na san manoman masara da yawa sun ji zafin rabuwa da atrazine, ni ma na saba da shi, amma idan wani mai shago ya sassauta murya ya ce maka akwai saura a ciki, ka sani tsohon kaya yake son ya sauke a bayanka. A gindin takardar kuma akwai zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Sabon shiga ba shi da abin yi da mai ja.

Yanzu awo, nan ne mafi yawanmu muke kwafsawa. Kowa gwangwanin madara yake ɗauka ya ce ɗaya da rabi a tanki, alhali tankin wani lita 16 ne, na wani 20, wani yana tafiya kamar an biyo shi, wani kamar mai rakiyar amarya. Ga yadda aka koya mini. Ka auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ka cika tanki da ruwa zalla, ka feshe filin da tafiyarka ta kullum, sannan ka ga lita nawa ta ragu. In lita 2 ce, ka ninka sau 100, wato hekta ɗaya za ta sha lita 200, tanki 10 ke nan idan naka mai lita 20 ne. To in takarda ta ce lita 3 na magani a hekta, kowane tanki zai ci mililita 300. Kofin awo da ke zuwa da wasu kwalabe ya fi gwangwani gaskiya. Ka zuba ruwa rabin tanki tukuna, ka sa magani, ka cika, ka girgiza. Ruwan kuma ya zama mai haske, don ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin glyphosate, sai ka dawo bayan mako biyu ka tarar da ciyawa tana maka dariya.

In da hali ka mallaki inji biyu, ɗaya na ciyawa ɗaya na ƙwari. A shekarata ta biyu na feshe shinkafar wani da maganin ciyawa 2,4-D da safe, na ɗauraye tankin sama-sama, da yamma na shiga gonar waken wani dattijo maƙwabcinmu. Kwana uku ya aiko a kira ni. Ganyen duk ya murɗe ya ƙanƙance kamar an matse shi da hannu. Na durƙusa na ce, “Baffa, a yi haƙuri, kuskure ne.” Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Ɗana, da ka ce mini ba ka iya ba, ai da na bar ƙwarin sun ci rabonsu.” Buhu biyu na biya shi da kaka. Irin wannan maganin ko iska ce ta kwashe shi zuwa gonar auduga ko tumatir ta maƙwabci, ɓarnar ɗaya ce, shi ya sa nake fita da sassafe kafin iska ta tashi, ko da la'asar sakaliya, kuma ba na tafiya ina fuskantar iska.

Kayan jiki ba sai na tsaya dogon bayani ba: riga mai dogon hannu, dogon wando a saman takalmin roba, safar hannu ta roba, tabarau, abin rufe hanci. Da zafi, na sani, musamman a Dadin Kowa cikin Maris. Amma lokacin haɗa magani ya fi lokacin feshin haɗari, don a nan ne gubar take da kaurinta. Kan feshi in ya toshe, ka tsokale shi da tsinken ciyawa cikin ruwa, kada ka sa baki ka hura. Ba goro, ba sigari, ba ruwan leda sai ka wanke hannu da sabulu. Kayan aikin kai za ka wanke da kanka, kada ka jefa wa uwargida ta haɗa da na yara.

In wani ya fara gumi, yawu na dalala, yana amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ku cire masa kaya ku wanke shi da sabulu, ku nufi asibiti da kwalbar a hannu, don ita likita zai karanta ya san abin da zai yi. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba su karya guba, sai dai su sa shi ya shaƙe.

Mai gona zai matsa maka ka feshe masa tumatir ko yakuwa yau ya tsinka gobe. Takardar kowane magani ta faɗi kwanakin da za a jira kafin girbi, ka karanta masa, in ya ƙi ji ka ɗauki injinka.

Da kaka kuma aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne wanda na daina karɓa, wato a ce ka yayyafa wa wake magani kafin a ɗinke buhu a kai kasuwar Tudun Hatsi. Mu mutanen Gombe ba labari aka ba mu ba. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar kwana a nan aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan dichlorvos da ta samu a ciki, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irinsa a kasuwanni da kantuna. Wanda ya zo mini da wannan buƙata, buhun PICS nake nuna masa, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi, ba ɗigon magani.

Kwalba in ta ƙare, ka ɗauraye ta sau uku kana juye ruwan cikin tanki, sannan ka sa wuƙa ka huda gindinta tun a gona. Na taɓa barin ɗaya lafiyayya a gindin maina na tafi salla, na dawo ban same ta ba. Bayan mako guda na gan ta a hannun wani yaro mai kiwo, ya ɗaura mata igiya a wuya ya cika ta da ruwan sha.