Yadda ake haɗa gamin ƙarafa a tabbatar sufakondakta ne

Sufakondakta abu ne da lantarki ke ratsawa ba tare da turjiya ba, muddin an sanyaya shi ƙasa da wani mataki. Masu farautar sababbi kan kai samame cikin gamin ƙarafan da ƙwayoyin zarrarsu ke jere bisa tsayayyen tsari. Mu ɗauki YNi2B2C, gamin yitiriyom, nikel, boron da kabon, wanda turjiyarsa ke ɓacewa a wajen digiri 15.5 na ma'aunin Kelbin, wato wajen digiri 258 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos.

Da awo ake farawa. Don samun giram 1, a auna yitiriyom giram 0.371, nikel 0.489, boron 0.090 da kabon 0.050, sannan a rubuta jimillar nauyin a ajiye, za a neme shi nan gaba.

Ana narkarwa ne a tanderun tartsatsin lantarki, bisa kaskon jan ƙarfe da ruwa ke sanyaya shi ta ƙasa. A zuƙe iskar ciki, a cika da gas ɗin agon, a maimaita sau 3. Kafin a taɓa samfurin, a fara narkar da guntun titaniyom a gefe don ya shanye ragowar oksijin. In ya huce ya fito shuɗi-shuɗi maimakon ƙyalli, iska na shiga ta wata kafa, a tsaya a toshe. Boron kuwa akwai shi da tarwatsewa in zafi ya buge shi farat ɗaya, don haka a binne shi da kabon ƙarƙashin ƙarafan, a bar narkakken ƙarfe ya haɗiye su. A juya ƙwallon ƙarfen da ya samu a sake narkarwa sau 4 ko 5. In nauyi ya ragu fiye da kashi 1 cikin 100, lissafin ya ɓaci, gara a sake sabo.

Daga nan a naɗe shi da fallen tantalom, a rufe cikin bututun kwaz da aka zuƙe wa iska, a gasa a wajen digiri 1050 na Salshiyos na kwanaki, don tsarin ya daidaita. A niƙa ɓangare a duba da hasken eksre. Duk layin da ya fito a hoton bai dace da tsarin da ake zato ba, baƙon abu ne.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne tabbatarwa. Ana manna wayoyi 4 da fentin azurfa, biyu na waje su kai lantarki, biyu na tsakiya su auna turjiya, a yi ta sanyayawa har turjiya ta faɗi sifili. Wannan kaɗai bai isa hujja ba. Siririn zaren wani baƙon ƙarfe da ya bi tsakanin ƙwayoyin samfurin zai iya ɗauke lantarkin duka. A tuna cewa niyobiyom na juyawa ya zama sufakondakta a Kelbin 9.2, dalma 7.2, tantalom kusan 4.5, kuza 3.7. Duk wanda ya ga faɗuwa daidai ɗaya daga cikin waɗannan, ya fara zargin kayan aikinsa.

Sai awon maganaɗisu da SQUID, na'urar da ke iya auna maganaɗisu komai ƙanƙantarsa, domin sufakondakta kan kori maganaɗisu daga jikinsa. A sanyaya samfurin babu maganaɗisu, a kunna ɗan kaɗan kamar Osted 10 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), a auna ana ɗumamawa, sannan a sake sanyayawa yana kunne. A lissafa kason jikin da ya kori maganaɗisun, tare da gyaran da siffar samfurin ke bukata. Ƙaramin kaso ba abin yarwa ba ne, amma ba na shela ba ne. A 1993 masu bincike na cibiyar Tata da ke Mumbai a Indiya sun ga 'yar alama a wajen Kelbin 12 cikin YNi4B. Da aka bi diddigi, ashe kabon ne da ya shiga ciki, kuma ta nan aka kai ga dangin YNi2B2C a 1994.

Mai yanke hukunci shi ne awon yawan zafin da samfurin ke ɗauka. In jikin duka ne ya juya, za a ga tsalle ƙarara daidai inda turjiya ta ɓace, girmansa kuma a gwada shi da 1.43 da BCS, ka'idar da ke bayanin yadda sufakondakta ke aiki, ta bayar. In babu tsallen, a koma kan hoton eksre a nemo baƙon da ya ba da alamar, a haɗa shi shi kaɗai a auna.